Wankan Shatu da Maganin Yunanawa

Ranar da Shatu ta cika kwana goma sha ɗaya da haihuwa, na shiga ɗaki da hantsi riƙe da kwanon kunun kanwa, na kira ta har sau uku ba ta amsa ba. Idonta biyu, tana kallon rufin kwano. Na ce, "Ke, tashi ki sha tun da zafinsa." Sai ta juyo ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba, ta tambaye ni da Larabci wai ko jirgin ruwan ya iso.

Shatu 'yata ce, ita kaɗai Allah ya bar min. A Sudan na haife ta muna kan hanyar hajji daga Gwarzo, a Sudan ɗin kuma muka binne ubanta. Ni da ita muka haye teku, muka sauke farali, muka ƙi komawa, don ba wanda za mu koma wa. Muka samu ɗan ɗakin kwano a kan dutsen da ke bayan titin Mansur, inda 'yan uwanmu Takari suka taru. Ina suyar ƙosai, ina karɓar haihuwa. Iƙama, wato takardar zama, ba mu da ita, ko kalarta ba mu sani ba. Abin da nake ba da labari ya faru ne a watan Rabi'ul Awwal na shekarar 1384, a tsakiyar bazarar Makka.

Wanda bai yi bazara a Makka ba, don Allah ya daina cewa ya san zafi. Rufinmu kwano, bangonmu kwano, ƙasa kuwa baƙin dutse ne wanda ko akuya ba ta yarda ta taka shi da azahar. Amma ni Hajo rana ba ta isa ta hana ni al'ada ba. Mata talatin da ɗaya na yi wa wankan jego kafin Shatu, ba wadda ta kawo min ƙara. Sai dai na nan Makka duk wankan jeka-na-yi-ka ne, saboda itace tsada, ruwa tsada, sau ɗaya a rana da ruwa mai ɗumi, shi ke nan. 'Yar cikina kuwa na rantse sai ta samu cikakke, irin wanda uwata ta yi min a gida. Tun cikin yana wata uku nake tara itace a bayan ɗaki, kanwa ungurnu kuma alhazan garinmu na sa suka kawo min.

Da yake haihuwar fari ce, ɗakina ta dawo wanka. Da asuba da la'asar sai na tafasa rabin ganga, in tsoma ganyen darbejiya in yi ta fyaɗa mata har jikin ya gasu. Ta sha kunun kanwa da yaji, ta kwanta a gadon ƙarfe, kaskon garwashi na ƙarƙashinta. Abin da muka tashi muka tarar ke nan: sanyi ne ke kashe mai jego, in ya shige ta sai ta kumbura, in ma ta rayu ba ta ƙara moruwa.

Kwana uku ke nan tana cewa kanta na ciwo. Na ce mata wace mai jegon ce kanta ba ya ciwo. Yanzu da na taɓa ta na ji jikin rau, ga shi a bushe ƙayau, amma kuma tana karkarwa haƙoranta na haɗuwa. Na ce shi ke nan, abin da nake gudu ya faru, sanyi ya samu kafa.

Na ƙwala wa maƙwabciyata Ɗaso kira. Ta shigo ta duba, ta riƙe baki ta ce, "Yaya Hajo, ai sanyi ne ƙiri-ƙiri. Ƙara wuta." Muka ƙara gawayi a kaskon, na toshe 'yar tagar da buhu, na lulluɓe ta da bargo. Sannan na fita na ɗora ganga a kan murhu, na ce yau wanka uku za a yi.

Ina cikin hura wuta Dawuda ya hawo da ruwa. Shi ne mijin Shatu, ɗan ga-ruwa ne, garwa biyu a sanda yake ɗaukowa daga famfon ƙasa yana rabawa gida-gida. Yaro ne mai kunya, shekara biyu da auren bai taɓa kallon tsakar idona ba, daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ni. Ya sauke garewanin, sai ya jiyo matarsa tana surutai.

"Inna, lafiya kuwa? Wa take yi wa magana?"

"Lamarin mata ne," na ce. "Juye ruwan ka kama gabanka."

Bai juye ba. Ya ɗan tsaya yana saurare, sai kawai ya juya ya gangara da gudu. Na bi shi da harara, na juye abina da kaina.

Ruwan bai kai ga tafasa ba na hango shi yana dawowa, yana riƙe da hannun Malam Tsoho. Raina ya ɓaci tun kafin su ƙaraso. Malam Tsoho Bakatsine ne, ya haura saba'in. Shekara talatin ya yi yana dakan magani a shagon wani hakim, wato mai maganin gargajiya, Bahindiye kusa da Harami, har aka rushe layin saboda faɗaɗa masallaci, hakim ɗin ya koma ƙasarsu. Shi kuma ya dawo gindin dutsenmu da 'yan kwalabensa. Ba ya buɗe baki sau biyu bai ce "Yunanawa sun ce" ba, har mutane suka laƙaba masa Malam Yunani, kuma ba don yabo ba.

Na tare ƙofa. "Malam, ɗakin mai jego ne. Ina za ka?"

"Hannunta kawai zan taɓa, Hajiya. Ki rufe ta, ki miƙo min hannun."

"Wane ne ya ce maka muna neman magani? Na san abin da ke damunta, ga maganin can a kan wuta."

Ya dubi gangar, ya dubi buhun da na toshe taga da shi. Dawuda ne ya yi magana. Ya ɗago kai ya dube ni ido cikin ido, ya ce, "Inna, matata ce."

Wallahi na so in wanke shi da mari. Amma a daidai lokacin Shatu ta yi wani irin kakari a ciki, wanda ban taɓa jin ya fito daga bakin mai rai ba. Na matsa gefe.

Malam Tsoho ya shiga da sallama, ya ja baya saboda hucin da ya buge shi, sannan ya daure ya durƙusa. Ya ɗora yatsu uku a kan jijiyar hannunta, ya rufe ido. Ya sa na buɗe masa bakinta, ya ga harshen a bushe ya tsattsage. Ya ce, "Sa hannunki a hammatarta. Akwai gumi?"

Na sa. Babu ko ɗigo.

"Yaushe rabonta da fitsari?"

Na ji kunyar tambayar, amma na amsa. Tun jiya da rana, shi ma ɗan kaɗan, ja kamar shayi.

Ya miƙe ya fita waje, ya ce da Dawuda, "Fitar da kaskon nan. Cire buhun. Hajiya, yaye bargon. Ba sanyi ba ne, zafi ne ya cika ta har jikin ya daina gumi. Ruwan randa za ki kwarara mata, daga kai har ƙafa, yanzu-yanzu."

Ɗaso ta saki salati. "Ruwan sanyi a kan mai jego? Kwana goma sha ɗaya? Malam, kisan kai ka zo yi?"

Na ce, "Ba ka ga tana karkarwa ba? Zafi ne ke sa mutum rawar ɗari? Kai da ba ka taɓa haihuwa ba, ba ka taɓa yanke cibiya ba, za ka koya min jego da karatun arna masu bautar gumaka?"

Dawuda ya ce, "To mu kai ta mustashfa. Wallahi ko za a kama mu, mu kai ta."

Asibiti na can cikin gari, kuma duk mun san abin da ake fara tambaya a bakin ƙofa. Ko wata biyu ba a yi ba da aka kwashi wasu 'yan unguwarmu marasa iƙama zuwa Jidda aka sa su a jirgi.

"Asibiti ya fi ni," in ji Malam Tsoho. "Ba na musu. Amma ku sauko da ita daga dutsen nan a tsakar ranar nan, ku tsaya neman mota, gawa za ku kai musu. A fara kashe wutar da ke jikinta. In aka kira la'asar ba ta gane ku ba, ku ɗauke ta, ko da gobe za a kora ku duka." Ya juyo wurina. "Hajiya, ba zan iya zuba mata da hannuna ba, ba muharramata ba ce. Ke ce za ki yi."

"Ba zan yi ba."

"Ina jaririn?"

Tambayar ta zo min a bazata. Na ce, "Rabe? Yana ɗakin Ɗaso. Sai zai sha nono ake kawo shi."

"Me ya sa?"

"Tun kwana uku da haihuwa na fitar da shi. Ɗakin ya yi masa..."

Ban ƙarasa ba. Ni da kaina na ga jaririn ya yi jawur yana haki, na ɗauke shi na ce wannan ɗakin zai kashe shi. Uwarsa kuwa na bar ta a ciki kwana takwas, ina ƙara mata gawayi.

Ɗaso ta gyara mayafinta ta ce, "Ni dai ba da hannuna ba. Yaya Hajo, in yarinyar nan ta mutu, kin san abin da za a ce a Mansur." Ta fita.

Na sani sarai. Za a ce Hajo ungozoma ta kashe 'yar cikinta da ruwan sanyi. Abin da ya fi wannan muni shi ne ni ma zan yarda haka ne, har in koma ga Allah. Na tsaya a gaban randa, moɗa a hannuna. Dawuda ya riga ya fitar da kaskon da hannunsa tsirara, ko tsumma bai nema ba. Na yi bisimilla, na ɗebo, na shiga na ja labule.

Moɗar farko da na zuba mata a ka, ta zabura ta yi ƙara. Na ji kamar ni aka soka. Na ce, "Malam, ihu take yi!"

Daga bayan kwano ya ce, "Ci gaba. Ki jiƙa zane marar kauri ki shimfiɗa mata, ki yi ta fifita. In ya bushe ki sake jiƙawa. Dawuda, yalla, sauka titi ka samo talji, ko guntu ne."

Na ji takun Dawuda yana gangarawa neman ƙanƙarar. Na jiƙa zane, na ɗauki faifai, na shiga fifita. Zanen ba ya ɗaukar lokaci yake bushewa, sai ka ce a kan tanda na shimfiɗa shi. A waje na ji Malam Tsoho yana sauke gangata daga murhu, ya ɗora 'yar tukunya. Ya ce sha'ir zai dafa, ruwan za a tace a ba ta da ɗan zuma da ruwan tsami in ya huce.

Aka yi azahar. Dawuda ya dawo da guntun ƙanƙara a buhu, rabi ya narke a hanya. Malam ya ce in farfasa in ƙunsa a tsumma, in sa mata a wuya da hammata. Na yi. Dawuda ya koma ɗebo ruwa, ya sake komawa, randa ba ta cika take ƙarewa. Shatu ta daina surutai, ta yi lamo, idon a rufe. Shirun nan ya fi min surutan tayar da hankali.

Da na ga shirun zai haukata ni, sai na huce a kan tsohon. Na ce, "Su waye ma Yunanawan nan da ka sa na ɗora ran 'yata a kan maganarsu? A ina suke? In ta mutu wa zan riƙe?"

"Ni za ki riƙe," ya ce. "Su sun daɗe da zama ƙasa. Mutanen tsibirai ne, can gaba da Masar in an haye teku. Sun yi zamaninsu tun kafin Annabi Isa da ɗaruruwan shekaru."

"Kuma gumaka suke bauta wa."

"Gumaka na dutse, siffar mutane, wasu ma ba sutura. Hakim yana da hoton ɗakin bautarsu, rufin ya faɗi, sai ginshiƙai tsaye. Wannan kam ya tafi, Allah ya raba mu da shi. Kina fifitawa?"

"Ina yi. Ka ci gaba da magana."

"Mutane ne masu gardama, Hajiya, kusan irinki. A kasuwa suke tsayawa su yi ta musu a kan komai, taurari, lissafi, yadda za a mulki gari. Sai wasu daga cikinsu suka ce cuta ba fushin gunki ba ce, tana da dalili, a abinci ko a ruwa ko a iska. Suka riƙa zama a gefen marar lafiya suna rubuta abin da suka gani kullum, rana ta ɗaya kaza, rana ta biyu kaza. Har waɗanda suka mutu a hannunsu ba su ɓoye ba, sun rubuta. Wannan ne ya sa na yarda da su."

Na sake jiƙa zanen. Na taɓa goshinta, ban iya gane ko ya ragu ba, don hannuna ya yi sanyi da ƙanƙara.

"Da mulkinsu ya faɗi, littattafan ba su faɗi ba," in ji shi. "Musulmi suka same su, aka mai da su Larabci a Bagadaza, manyan malamanmu suka gyara suka ƙara. Daga nan Farisa, daga nan ƙasar Hindu, har kakan hakim ya koya wa ubansa, uban ya koya masa, ni kuma ina daka turmi ina kasa kunne. Malaman gida da kike jin suna cewa wane balgamu ya yi masa yawa, wane safara'u ce ta motsa, daga can abin ya samo asali, ko sun sani ko ba su sani ba. Jiki yana da zafi da sanyi, da danshi da bushewa. Wanda ya rinjaya, da kishiyarsa ake tare shi."

"To ai ni ma abin da na yi ke nan. Sanyi nake tarewa."

"Shi ya sa ban ce uwarki ta yi kuskure ba. Amma sun ce kafin ka duba marar lafiya, ka fara duba garin da yake kwance, iskarsa da ruwansa da lokacin shekara. A Gwarzo ɗakin ƙasa ne, ga inuwar bishiya, ga raɓa da safe. Ke kuma kin ɗauko wankan Gwarzo kin kawo shi cikin gwangwani a bazarar Makka."

Gaskiya ya faɗa. Na ji haushin hakan ƙwarai.

Ya miƙo ruwan sha'ir ta ƙasan labule. Na ɗaga kanta na ɗiga mata da cokali. Na farko ya zubo ta gefen baki, na biyu ma haka. Ina cikin gwada na uku sai karkarwar ta dawo, fiye da ta safe. Gadon ƙarfen har ƙara yake yi. Leɓenta ya canja launi, yatsunta suka ƙanƙame.

A waje kuma na jiyo muryoyin mata. Ɗaso ta tara su. Wata tsohuwa da na sani tun a Sudan tana cewa, "Hajo, ki ji tsoron Allah! Ki rufe yarinyar nan! Ga garwashi mun kawo!"

Na ɗauki bargon da hannun hagu, moɗa na hannun dama. Na ce, "Malam, tana mutuwa. Sanyin ya kama ta. Ka faɗa min gaskiya tsakaninka da Allah, ka tabbata?"

Ya ce, "Ban tabbata za ta tashi ba. Irin wannan na gani sau shida a hannun hakim, duk alhazai ne da rana ta buga. Huɗu sun tashi, biyu ba su tashi ba. Mai jego ban taɓa gani ba. Amma na tabbata in kika rufe ta ba za ta kai la'asar ba. Kar ki taɓa ta da hannu, ƙanƙara ta kashe miki shi. Sa kuncinki a cikinta."

Da ya yi min ƙarya ya ce lallai za ta tashi, ina jin da na rufe ta, don na san bakin masu magani. Na sunkuya na ɗora kuncina a kan cikinta. Duk da ruwan da na kwarara, duk da karkarwar, cikin yana huci kamar burodin da aka ciro yanzu. Na jefar da bargon, na leƙa ta labule na ce da matan, "Duk wadda ta shigo min da garwashi, a kanta zan juye shi." Sun san ni, ba wadda ta gwada.

Malam ya ce in cire ƙanƙarar, na cire, na ci gaba da ruwan randa da faifai. Kafaɗata ta sage, na koma hannun hagu. Ban san addu'ar da ban yi ba. Na yi wa Allah magiya da Hausa, na yi da ɗan Larabcin da na iya, na ce ya ɗauke ni ya bar ta, ni ce mai laifin. Inuwar ƙofa tana ta tsawo a kan dutse, ina kallonta ta ƙasan labule, na tsane ta.

Can karkarwar ta lafa. Na sake gwada cokali, sai na ga maƙogwaronta ya motsa. Ta haɗiye. Na ba ta wani, ta haɗiye. Na ƙirga goma sha biyu kafin ta kau da kai. Na faɗa wa Malam, ya ce alhamdulillahi, amma kada in saki jiki, sai ta buɗe ido ta san inda take.

Dawuda bai zauna ba. Ya ciro ƙyauren ɗakinsa don a ɗora ta a kai, ya samo 'yan ga-ruwa uku da za su kama masa, ya kuma yi magana da wani mai motar ɗaukar kaya a titi. Na ji yana gaya wa Ɗaso cewa in ba su dawo ba, ta riƙe Rabe amana har Allah ya yi ikonsa. Ɗaso tana kuka ta ce ta ji. Ni ma na jawo ƙunshin kayanmu da ƙafa, don na san wanda ya shiga asibiti ba takarda ba lallai ya sake ganin ɗakinsa ba.

Sai ladanin masallacin ƙasa ya ɗaga murya. Na kira ta, "Shatu. Shatu." Ba ta motsa ba. Aka gama kiran sallar tsaf. Malam Tsoho ya ce a hankali, "Hajiya, ki suturta ta. Lokaci ya yi."

Na ajiye faifai. Na ɗauko busasshen zane, na sa hannu ƙarƙashin wuyanta zan ɗaga ta, sai na ji danshi a bayan kunnenta, mai ɗumi, ba irin na ruwan randa ba. Na duba goshinta, ga shi nan yana tsattsafowa ƙanana-ƙanana. Kafin in yi magana ta buɗe ido. Ta dubi rufi, ta dubi bokitin da ke gefen gado, ta dubi hannuwana a jiƙe. Sannan ta dube ni, kuma wannan karon ta san ko ni wace ce, don na ga tsoro ya shiga idonta.

Ta dafa gado tana ƙoƙarin tashi, hannun ya ƙi ɗaukarta. Da wata 'yar murya a shaƙe ta ce, "Inna, an yi la'asar ko? Ki yi haƙuri, barci ne ya ɗauke ni. Kar ki yi faɗa, yanzu zan fito wankan. Wallahi yau ba zan yi kuka ba."

Kwana goma sha ɗaya ina yi mata wanka safe da yamma, ban taɓa sanin tana kuka ba. Tururi ne ke rufe fuskarta, ni kuma ban taɓa tsayawa na duba ba.

Daga waje Dawuda yana tambaya, "Inna, ita ce ta yi magana? Inna?" Na mai da kanta kan matashi a hankali, na ɗauki cokalin, na ce mata ta buɗe baki.